Zan ba da fulat haya a Katsina: fenti ya isa, ko sai an duba wayarin wuta?

Tambayar da wata Hajiya ta aiko ita ce: "Ina da fulat mai ɗaki uku a bayan Ƙofar Ƙaura, an gina shi shekara 15 da suka wuce. Ɗan hayan da ke ciki ya tashi. Da na shiga na ga soket biyu sun yi baƙi, kuma matarsa ta taɓa gaya mani cewa famfon banɗaki yakan ɗan ja ta in hannunta da lema. Ejan ya ce tunda duk ƙwayayen suna kamawa, a shafa fenti kawai a sa sabon mutum, akwai masu jira. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata a duba, wa zai duba, kuma me ya zama dole in gyara kafin in miƙa makulli?"

Hajiya, wannan rashin kwanciyar hankalin naki shi ke da gaskiya. Ejan ba mugunta yake maki ba, la'adarsa yake hange, kuma shi a saninsa in an danna makunni ƙwai ya kama, to wuta lafiya lau. Na fi shekara ashirin ina aikin wuta a garin nan, kuma kusan duk gidan da aka kira ni bayan wani abu ya ƙone ko wuta ta ja wani, ƙwayayensa suna kamawa har zuwa ranar. Kamawar ƙwai abu ɗaya take nunawa: wuta ta sami hanyar zuwa da komawa. Ba ta faɗin ko wayar tana dahuwa a cikin silin, ba ta faɗin inda wutar za ta bi ranar da ta ɓalle. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar wuta bai sani ba, sai an aza na'ura an auna.

Bari in fara da famfon nan, don shi ya fi tayar mani da hankali a cikin duk abin da kika faɗa. In famfo ya ja mutum, ba laifi ɗaya ke nan ba, biyu ne suka haɗu. Na farko, wuta tana yoyo daga wani wuri tana hawa ƙarfe ko ruwa. Galibi ƙarfen dumama ruwa na cikin hita ne ya tsage, ko injin tura ruwa sama ya fara sha, ko kuma wata waya a cikin bango ta goge kusa da fayif. Na biyu, wanda ya fi muni, wayar ƙasa da ya kamata ta kwashe wannan yoyon, wadda mu masu aiki muke ce wa at, ko dai babu ita ko ta mutu. Da tana aiki da wutar ba ta jira hannun matar nan ba. Kada kalmar "yakan ɗan ja" ta sa ki ga abin ƙarami ne. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, jiƙaƙƙiya kuwa ba ta tarewa, ga mutum tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil. Wutar da ta haura miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, in ta ratsa ƙirji ta ɗan jima, tana iya hargitsa bugun zuciya. Miliamfiya 30 kuwa kwatankwacin abin da ƙaramin ƙwan LED mai wat 7 ke ci ne a kan wutarmu ta bolt 230. Yoyon da yau yake tsikara, gobe in tsagar ta ƙara buɗewa wani labari ne, musamman ga yaro ko tsohuwa mai alwala da asuba.

Maganar at a Katsina tana da nata sha'ani, saboda ƙasarmu. Rairayi ne da tsandauri, damina 'yar wata uku zuwa huɗu, sauran shekara ƙasa a bushe ƙayau. Busasshen yashi ba ya karɓar wuta. Sandar da aka kafa a watan Agusta ta ba da awo mai kyau, in ka dawo a watan Afrilu za ka iya samun ta kamar an soke ta a buhun gero. Abin da aka saba yi shi ne a haƙa ɗan rami, a sa guntuwar sanda, a zuba gawayi da gishiri a rufe. Yakan yi aiki na ɗan lokaci, amma gishirin ruwa yake bi ya tafi, kafin ya tafi kuma ya cinye sandar da maɗaurinta. A gidajen da suka kai shekarun naki, sau da yawa in na tona sai in tarar wayar tana nan ita kaɗai a cikin ƙasa, ta rabu da sandar tun tuni, bakin ya yi kore. Gyaran shi ne sanda mai rufin jan ƙarfe ta gaske, a tura ta can ƙasa inda ake samun danshi, in ɗaya ba ta ba da awo ba a ƙara ta biyu da ta uku, tsakaninsu a bar tazarar da ba ta gaza tsawon sandar ba, a haɗe su da waya mai kauri. A zaɓi gefen gidan da ya fi riƙe laima, a gina ɗan akwati mai murfi a kan mahaɗin don a riƙa buɗewa ana gani. Sannan a auna da na'urar awon at. Ƙa'idar Birtaniya da aka gina tsarin wayarinmu a kanta tana ɗaukar duk sandar da awonta ya wuce om 200 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) a matsayin wadda ba za a dogara da ita ba, kuma iya ƙanƙantar lambar iya kyanta. In mai aiki ya ɗauko ƙwai ya jona tsakanin wuta da at ya ce "kin ga ya kama", wannan ba awo ba ne.

Akwai wata dabara da nake so ki sani, don tana ruɗar har na'urar gwajin soket. Wasu in sun ga babu at, sai su ɗauki 'yar guntuwar waya su haɗe ƙafar at da nutura, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a bayan soket. A ido komai daidai. Amma ranar da nuturar ta tsinke a wani wuri, kuma takan tsinke, jikin firij da na injin wanki da na hita duk su ɗauki wuta a lokaci guda. Shi ya sa dole a kwance soket a leƙa bayansa, ba a tsaya ga cusa na'ura ta gaba ba.

At ita kaɗai ba ta isa ba a irin ƙasarmu, sai da abokiyar tafiyarta, wato birekar yoyo, wadda ake rubuta RCD ko RCCB a jikinta, a kasuwa kuma da yawa suna ce mata ELCB. Mutane suna ganin jerin birekoki a akwatin rarraba wuta sai su ɗauka suna da kariya. Waɗannan ƙananan birekokin waya suke karewa, ba mutum ba. Mai amfiya 32 ba za ta faɗi ba sai wutar da ke bi ta cikinta ta haura amfiya 32, abin da ke iya kashe mutum kuwa kusan kashi ɗaya ne kawai cikin dubu na wannan. Birekar yoyo aikinta daban: tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, da zarar ta ga gibin miliamfiya 30 sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Ki duba da idonki a ga an rubuta 30mA. Akwai masu 100 da masu 300, su na rigakafin gobara ne, ba sa tsare rai. In kuɗinki abu ɗaya kawai zai iya yi a gidan nan, to ya zama at mai kyau da wannan birekar.

Sai dai ki shirya wa abin da zai biyo baya. A tsohon gida, ranar da aka saka ta takan fara faɗuwa, a ɗaga ta faɗi, a ɗaga ta faɗi. A nan ne mai aikin da ba ya son wahala zai ce maki "Hajiya wannan abar fitina ce, wutarmu ba ta son ta", ya zagaye ta da waya ya bar ta a wurin kamar ado. Na sha buɗe akwati in tarar da haka. Ba fitina take ba, ƙara take kawowa: akwai yoyo a wani layi, ko an cakuɗa nuturar layuka biyu, ko ruwa na shiga fitilar waje. A bi layi ɗaya bayan ɗaya har a gano. Kuma ya fi kyau a raba gidan a kan guda biyu, ko a sa wa hita da famfon ruwa da soket ɗin kicin irin birekar da ta haɗa aikin biyu a jiki ɗaya, don kada laifin hita ya jefa gida duka cikin duhu, ɗan haya ya gaji ya kira wanda zai cire ta.

Yanzu soket ɗin da suka yi baƙi. Canja su aikin minti goma ne, amma tambayar ita ce me ya ƙona su. Abu biyu ne galibi. Ko dai sukurun da ke riƙe waya ya saki, wuta tana tsallake ɗan gibi tana tartsatsi, wurin yana zafi yana ƙara sakewa. Ko kuma an ɗora wa soket ɗin abin da ya fi ƙarfinsa. Soket ɗinmu mai ƙafa uku na amfiya 13 ne, wato iyakarsa wajen wat 3,000, in na kirki ne. Butar lantarki kaɗai takan ci wat 2,000, ga dutsen guga, ga rishon lantarki, duk a kan doguwar jona guda mai bakin shida da aka sayo a bakin titi. Ki lura da inda baƙaƙen suke. In a kicin ne ko ƙarƙashin inda aka rataya esi, sun gaya maki labarin da kansu.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne gindin matsalar gidajen haya a garin nan. Gidan da aka yi wa wayari shekara 15 da suka wuce, an yi shi ne da lissafin ƙwayaye da fanka da talabijin da firij ɗaya, wataƙila esi guda a ɗakin maigida. Wanda zai iya biyan hayar fulat mai ɗaki uku a yau, ma'aikacin banki ne ko malamin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko likita, kuma zai shigo da esi biyu ko uku, firiza, injin wanki, hita, abin gasa burodi. Wayar ba ta san an canja zamani ba. Yadda aka saba a ƙa'ida, fitilu waya mai milimita 1.5, soket 2.5, esi da hita kowanne layinsa daban tun daga akwati da waya mai 4, kukar lantarki 6, babbar wayar da ta shigo daga mita 10 ko 16 gwargwadon nauyin gidan. Abin da nake tararwa shi ne esi an ɗauko masa wuta daga soket mafi kusa, wani lokaci ma daga wayar fanka. Zafin da waya ke yi kuwa ba tafiyar tsani yake ba: in wutar da ke bi ta ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake.

Ga kuma zafin garinmu da ba a sa shi a lissafi. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne ta jure digiri 70, kuma teburin da ke faɗin ƙarfin kowace waya yana ɗauka cewa iskar da ke kewaye da ita digiri 30 ce. In iskar ta kai 40, ƙarfin wayar ya koma kashi 87 cikin ɗari. In ta kai 50, ya koma kashi 71. Duk wanda ya taɓa shiga silin a ƙarƙashin kwano a Katsina da azahar ɗin watan Afrilu ya san 50 ba abin mamaki ba ne a can. Kuma daidai lokacin ne kowa ya kunna esi, daidai lokacin ne wuta ke zuwa lo a unguwannin da gidaje suka yi wa taransifoma yawa, injin esi da na firij kuma in wuta ta yi ƙasa ƙara ja suke suna zafi.

Don haka kada ki yarda da dubawar da ba a hau silin ba. Wani gida da na duba a wajen hanyar Dutsin-ma, ƙasa tsaf, tayil yana ƙyalli, makunnai masu ruwan zinare. Da na ɗaga murfin silin na haska tocila, wayoyi ne a baje kan katako kamar taliya, ba fayif ba akwatin mahaɗi. An murɗa su da hannu an naɗe da salatif, zafi ya busar da salatif ɗin ya warware yana reto. A wani mahaɗin ma ledar burodi aka naɗa. Ɓera ya gaigaye wayar esi har jan ƙarfen ya fito tsawon ɗan yatsa, katakon da ke ƙarƙashinta ya yi baƙi ya fara zama gawayi, gefe kuma ga busasshiyar sheƙar tsuntsu da ƙurar hunturu ta shekaru. Na ɓantaro gawayin na sauko da shi a tafin hannu na nuna wa mai gidan, don na san in baki kawai na faɗa zai ce neman aiki nake. Irin wannan ita ce gobarar da ake cewa "an kawo wuta da dare kawai sai silin ya kama".

Ita kanta wayar a duba asalinta. Kasuwa cike take da wadda aka rubuta 2.5 a jiki alhali cikinta bai kai ba, da kuma alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe. Alminiyam kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, ga saurin karyewa a bakin sukuru. Ganewa ba wuya: a kankare sili ɗaya na wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki to ba ita ba ce, in an kara mata ashana kuma sai ta lanƙwashe ta zube. In za a sayi sabuwa, a nemi ta kamfanonin gida da aka sani irin su Cutix da Coleman da Nigerchin, daga dilan da zai ba da rasit, a duba tambarin hukumar SON. Wayar Najeriya ta gaske ba ta da abin kunya, ta fi yawancin na shigowa. Ki sayo da kanki ko ki aiki wanda kika yarda da shi, araha a nan ba ta ado.

A akwatin rarraba wuta kuma, a tabbatar kowace bireka ta dace da wayar da ke ƙarƙashinta: fitilu amfiya 6 ko 10, layin soket mai waya 2.5 da ya tafi bai zagayo ba amfiya 20. Gyaran gangar Auzinawa da aka fi yi shi ne bireka tana faɗuwa saboda nauyi, sai a cire mai 20 a sa mai 40. Ta daina faɗuwa, e, amma yanzu wayar ce ta zama fis. Haka katawut, wato fis ɗin da ke mashigar wutar gida, da aka cusa wa waya ninki huɗu. In gidan layi uku ne kuma ana zare katawut da hannu ana mayarwa duk lokacin da layi ɗaya ya ɗauke, a sa makunnin zaɓen layi mai murfi, kada a bar matar gida ko ɗan aike suna cusa hannu a wurin cikin duhu. Ina kuma ba da shawarar 'yar na'urar da ke yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa fiye da kima. In nutura ta tsinke a falwaya, gidan da ke samun 230 yana iya ganin abin da ya doshi 400, kayan ɗan haya su ƙone a tashi ɗaya, rigimar kuma ƙofarki za ta fara zuwa.

Gwajin na'ura ba dogon abu ba ne, kuma ya kamata a yi shi a gabanki ko gaban wakilinki. Za a kashe wuta gaba ɗaya, a cire duk kayan da ke jone, a sa na'urar awo da ake ce wa mega a tura bolt 500 a kowane layi don a ga ko robar wayar tana riƙe wuta. Ƙasa da megaom 1, wato om miliyan ɗaya, faɗuwa ce, wayari mai lafiya yakan ba da ninkin haka sau da yawa. Sannan a bi kowane soket da jikin hita da fankoki a tabbatar at ta isa can ba ta yanke a hanya ba. Sannan a duba ba a juya waya ba, wato makunni yana yanke mai wutar ne ba nutura ba. In an juya, ƙwai zai mutu amma mazauninsa yana nan da wuta, mai canja ƙwai ya ɗauka ya kashe. Wani lokaci ƙwan LED da ke ɗan haske bayan an kashe shi wannan yake nunawa. Daga nan awon sandar at, sai gwada saurin birekar yoyo. Fulat kamar naki wuni ɗaya ya ishe shi. Wanda ya zo da tasta da filaya kawai a aljihu, ya zagaya minti ashirin ya ce ba komai, gaisuwa ya zo yi.

Kada a manta da janareta da sola, don ɗan hayan da ya tashi ya bar tarihinsa a bango. A duba canjoba, wato makunnin da ke sauya gida daga wutar layi zuwa ta janareta, a tabbatar tana raba wutar gida da ta layi rabuwa ta gaskiya, mai wutar da nuturar duka. Masu cusa janareta ta soket da waya mai kai biyu suna mayar da wuta kan layi, ta bi taransifoma ta hau, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana ganin an ɗauke. In an taɓa sa inbata aka cire, akan bar bakunan waya tsirara a bayan labule ko cikin silin, a nemo su a rufe. Ki kuma ware wurin ajiye janareta a fili nesa da tagar ɗakin kwana tun yanzu, hayaƙinsa ba ya wari sosai amma yana kashe masu barci.

Mita kuwa, ki je ofishin kamfanin rarraba wuta na KEDCO da lambarta a duba ko akwai bashi, musamman in ba mai kati ba ce. Mai dubawa ya leƙa ko tsohon ɗan haya ya zagaye ta ya ɗauki layin esi ta baya. In an sami haka a sanar da su a gyara bisa ƙa'ida, kada mai aikinki ya taɓa hatiminsu, don gidan da sunanki aka san shi. In fulat ɗin yana raba mita da wani, ki raba su, rabin faɗan 'yan haya daga nan yake tashi.

Wa zai yi aikin? Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayari takardar shaidar ƙwarewa, ita ke da alhakin duba ingancin aikin wuta a ƙasar nan. Ki tambayi mai aikin takardarsa, ki tambaye shi na'urorinsa, ki ce kuma rubutaccen rahoto kike so mai lambobin da ya auna, ba "komai lafiya" ba. Shawarata, kuɗin dubawa daban, kuɗin gyara daban. Ki biya shi ladan dubawarsa cikakke, ki gaya masa tun farko ba lallai shi zai yi gyaran ba. Wanda ya ce zai duba kyauta, a cikin gyara zai fanshe. A Ingila tun 2020 doka ta ɗora wa masu ba da haya su sa a yi wannan dubawar aƙalla duk shekara biyar, su ba ɗan haya kwafin rahoton, abin da aka samu na haɗari kuma a gyara cikin kwana 28. Mu nan ba ejan ɗin da zai tambaye ki takarda, amma tsarin rahoton nasu abin aro ne: suna raba laifuffuka zuwa wanda ke da haɗari yanzu-yanzu, wanda zai iya zama haɗari, da wanda gyara shi ƙarin kyau ne kawai. Ki sa a rubuta maki naki haka. Kuma ko ba dokar gwamnati, ke kin riga kin ji labarin famfon nan da kunnenki. Hadisi ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma miƙa makulli a kan aibin da aka sani aka yi shiru ba abin da za ki so ki ɗauka ba ne.

In kuɗi bai kai a yi duka ba, ba sai an fasa bango an sake wayari gaba ɗaya ba. Gida mai shekara 15 da aka yi da waya ta gaske a cikin fayif, in mega ta wanke shi, yawanci abin da yake bukata shi ne gano yoyon nan, sabuwar at, birekar yoyo, a gyara mahaɗan silin a sa su cikin akwati, a ja wa esi da hita da kicin sababbin layuka, a canja ƙonannun soket, a ɗaure sukurori. Waɗannan kafin kowa ya kwana a ciki. Ƙarin soket, canja tsofaffin makunnai, fitilun waje, waɗannan za su iya jiran kuɗin hayar farko, ko da yake ƙara soket biyu a kicin da falo yana rage jone-jonen da ke kawo matsalar tun asali. Sake wayari duka sai in an tarar alminiyam ce, ko robar ta bushe tana farfashewa in an lanƙwasa, ko awon ya faɗi a yawancin layuka. Kowanne dai za a yi, a yi shi kafin mai fenti ya shigo. Yanzu gidan ba kowa, ba kujera ba kafet, ba matar aure da za a yi ta yi wa sallama ana shiga ɗakinta da tsani.

Ranar miƙa makulli, a manna takarda a murfin akwatin da ke nuna kowace bireka da ɗakin da take riƙe. A nuna wa ɗan hayan da iyalinsa babban makunnin da ke kashe gidan duka, da ɗan maɓallin gwaji na birekar yoyo, su riƙa danna shi duk wata uku, in ba ta faɗi ba su kira ki. A ɗauki hoton mita da akwatin da soket ɗin. A rubuta cikin yarjejeniya, gaban shaidu, cewa ba ƙara esi ko hita ko sola sai da saninki kuma da mai aikin da kika amince da shi. Abin da tsufa ya lalata naki ne, abin da ɗora nauyi ya ƙona nasa ne. Ki rataya tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofar kicin, don wutar lantarki ba a watsa mata ruwa. In tagogin duk ƙarfen ɓarayi ne a kafe, ki sa maƙeri ya mayar da ɗaya a ɓangaren ɗakunan kwana mai buɗewa ta ciki.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan, ki aika a sauke birekar hita da ta injin ruwa, a naɗe su da salatif a rubuta kada a ɗaga. In ba a san wacce ce wacce ba, a kashe babban makunnin gaba ɗaya. Ki gaya wa ejan masu zuwa ganin gida su gan shi da rana, kuma kada maigadi ko masu share-share su yi wanka a banɗakin nan sai an auna.